Fim ɗin da Baba Bai Ƙarasa Ba

Kyamarori uku mahaifina ya bar mini, duk tsofaffi masu cin fim, kowace da halinta kamar 'ya'yan gida ɗaya. Shi mai hoto ne. Ya yi shekaru yana kafa ƙyallensa na ɗaukar hoto a kasuwar Sabon Birni, ranar kasuwar garin Isa kuma ya bi mota ya tafi can. Da ƙarfi ya ƙare sai ya koma ƙauyenmu, can gaba da Tsamaye, ya riƙe gona har Allah ya karɓi abinsa. Ni ya koya wa sana'ar, don ya ce mace tana shiga inda namiji ba ya shiga. Gaskiyarsa kuwa, har yau da ita nake ci. Aikin biki da suna da kyamarar zamani nake yi, tsofaffin don raina nake riƙe da su.

Ta Rasha ce jakar gidan, ita ke shan aiki. Nauyi gare ta, in ta faɗo maka a ƙafa sai ka yi jinya, amma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Da wuya mako ya wuce ban fita da ita ba. In na gama ɗaukar amarya da ƙawayenta da ta zamani, sai in zaro ta in bi tsofaffin da ke bakin murhu, waɗanda ba wanda ke tunawa da su a hoton biki. Idanunta uku, haka Baba yake kiran gilasan da ake murɗawa a gaba. Matsakaicin shi ke kwana a jikinta. Mai faɗin sai in zan ɗauki jeren ɗaki. Dogon kuwa na daina fita da shi, don yanzu in ka nuna wa mutum dogon abu daga nesa a garin nan, kafin ka yi bayani an tara maka jama'a.

Ta Japan 'yar gayu ce, ba nauyi, amma ga raki. Da damina ta sauka sai ta fara liƙewa, ka danna ta yi shiru kamar mai fushi. Daga Sallah sai Sallah nake ɗaukarta.

Dukansu iri ɗaya ne ta wajen leƙe. Ba ta cikin idon kyamara kake kallo ba, wata 'yar taga ce daban a sama. In ka leƙa za ka ga mutum ya rabu biyu a tsakiya, sai ka yi ta murza ido har biyun su haɗe su zama ɗaya, sannan ka danna. Baba yana da wata ɗabi'a a kan wannan aiki. Da ya cire murfin ido sai ya ɗaga hularsa ya sa shi ciki ya mayar, kuma ba ya danna hoto sai ya kai hannu ya taɓa kansa. Mutanen kasuwa suka ce laya ce a hular, ita ke sa hotonsa fita tas. Bai taɓa musa musu ba, dariya kawai yake yi. Ni a ɗaurin ɗankwali nake soke nawa murfin.

Ta ukun ta Jamus ce, ita ce 'yar lelen Baba, kuma ita ba a taɓa ta. Da ya rasu na same ta da fim a ciki, 'yar ƙidayar da ke samanta ta tsaya a kan bakwai. Ban wanke ba, ban kuma ƙarasa ba. Gani nake muddin fim ɗin yana ciki, Baba bai gama aiki ba, ya dai ajiye ne ya je ya dawo. Na naɗe ta a tsohon rawaninsa na sa a ƙasan akwatin ƙarfe. Sau ɗaya a shekara, in za a shiga damina, nakan fito da ita in goge in mayar.

Da ɓarayin daji suka matsa wa yankinmu, ƙauyen ya watse. Inna da ƙanena suka dawo wurina a cikin gari. Maigidana yana fatauci a kudu, sai a daɗe bai zo ba, don haka gidan ya ishe mu. Inna idonta ya yi yana, tana ganin mutum kamar inuwa, ga hawan jini. Ba ta da zance sai na gida: ko rumbu yana nan, ko tsamiyar ƙofar gida ta yi 'ya'ya, ko ruwa ya zaizaye kabarin Baba. Ƙanena kuwa, da ya rasa gona, sai ya kama kabu-kabu da babur.

Ni mai zargi ce, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. In mai nama ya yi mini fara'a da yawa sai na sake duba naman. Amma a shekarun nan kowa ya zama irina. In aka ɗauke mutum a gona, ba a tambayar su wa suka ɗauke shi, an sani. Tambayar ita ce wa ya gaya musu yana can. Mai sayar da burodi abin zargi ne, mai cajin waya abin zargi ne, ɗan kabu-kabu kuwa ya fi kowa, don shi ke bin hanya. Wanda aka kira mai kai labari kuma ba a kai shi gaban alƙali.

Wata rana da hantsi na buɗe akwatin ina neman wani zane, sai na ga naɗin rawanin ba nawa ba ne. Ni daga hagu nake naɗewa in soke bakin a ƙasa. Wannan an dunƙule shi ne kawai kamar ƙullin goro. Na warware. Ƙarangiya biyu maƙale a igiyar kyamarar, fatar gidanta kuma tana warin fetur. Na duba ƙidaya. Ta bar bakwai, ta wuce ashirin.

Na zauna a bakin gado. Fushi ne ya fara zuwa, don an shiga tsakanina da Baba. Bayansa tsoro ya biyo, shi ne kuma ya zauna. Ƙarangiya ba ta fitowa a cikin akwati, kuma mutum ɗaya ne a gidan nan hannunsa ke warin fetur.

Ban yi wa ƙanena magana ba. Na sa masa ido. In ka fara sa wa mutum ido, komai nasa sai ya zama shaida. Na ga ya sayi sabon takalmi. Na ga in waya ta shigo yakan tashi ya fita zaure. Na ga wata rana ya dawo tayoyin baburinsa da baƙar laka irin ta fadamar ƙauyenmu, wadda ba irinta a cikin gari. Na tuna kwanaki ya kawo wa Inna tsamiya a leda, ta sa a baki ta yi ta kuka, ta ce ta gida ce, shi kuma ya ce a kasuwa ya saya. A lokacin na ɗauka rikicin tsufa ne.

Nakan ce wa kaina, ke ma dai, wane mai kai labari ne zai ɗauki hoto da fim? Ɓarayi suna da ɗakin wanki a daji? Sai wata zuciyar ta ce, ai waya ake bincikawa a shinge, wa zai kula da tsohon ƙarfe a cikin buhu? Kuma a Maraɗi ma ana wanke fim. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Na san da haka, amma sanin bai hana ni ƙirga loma nawa yake yi in ya zauna cin tuwo ba.

Ana nan sai ga Kawu, ƙanen Inna. Yana cikin 'yan sa-kai na unguwarsu, tun da aka kashe masa babban ɗa a gona bai sake dariya mai sauti ba. Ya gaida Inna a tsaitsaye, ya ce in zo zaure. Da na durƙusa na gaishe shi bai tsaya dogon amsawa ba.

"Ɗiyata, ina kyamarar tsohonku, wadda shika ɓoyo?"

Na ce tana nan.

"An ga ƙanenki bisa hanyar gida da wani abu ga hannu, shina ɗaukar hoto. Ba mutum guda yah hwaɗa min ba."

"Kawu, wa za shi kai ma hoton fim? Mi za su yi da shi?"

"Ni ban sani ba. Abin da nis sani, kowa yat tai can ba shi komowa, shi kau shina tahiya shina komowa." Ya murza carbi. "Don ɗan 'yar'uwata na nit taho ni ɗai. Ki wanke in gani da idona. In ba ki wanke ba, mutanenmu za su zo su ɗauki kyamarar, su ɗauke shi. Kin san sauran."

Na sani. Ya ce zai dawo bayan la'asar washegari, kuma kada Inna ta ji.

Da ƙanena ya dawo cin abincin rana na tare shi a zaure, na ajiye kyamarar a kan sirdin baburinsa. Ya dube ta, ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

"Kai kat taɓa ta?"

"Ni na, Yaya."

"Mi kaɗ ɗauka?"

"Ki wanke ki gani. In kin gani ba sai na hwaɗi komi ba."

Na gaya masa zuwan Kawu. Fuskarsa ta canza kaɗan, amma ya sake cewa in wanke. Wannan natsuwar tasa ma sai ta zame mini abin zargi. Na ce a raina, ko dai mai gaskiya ne, ko kuwa ya ƙware.

Washegari da safe na shiga ɗakin ajiya inda nake wanki. Na toshe taga da barguna, na liƙe ƙasan ƙofa da tsumma, zafi kamar cikin tanda. A cikin duhu na buɗe bayan kyamarar da Baba ya rufe da hannunsa, na laluba na zaro fim na naɗa a gwangwanin wanki. Hannuna ya san aikin, don haka kaina ya samu sarari ya yi ta saƙa. In na ga gidajen 'yan kasuwa fa? In na ga makarantar da sojoji ke kwana, ko gadar shigowa gari? In nuna wa Kawu in kashe wa Inna ɗa, ko in buɗe ƙofa haske ya cinye fim ɗin in zauna da abin da na gani har mutuwa? Na zuba magani, na juya, na zubar, na sake zubawa. Har na gama ban yanke shawara ba.

Na fito tsakar gida na ɗaga fim ɗin a rana, yana ɗigar ruwa.

Bakwai na farko sun fito, sun ɗan dushe don daɗewa, amma suna nan. Ƙofar gidanmu da tsamiyarta. Rumbuna biyu da sabon jinka. Inna a kan tabarma tana tsince wake. Ƙanena yana matashi, ya rungumo damin gero yana washe baki. Hannun Baba ne, ko a mafarki na san yadda yake tsayar da hoto. Na ji hawaye ya zubo ban san lokacin ba.

Daga na takwas har ƙarshe babu komai. Fari fes, kana hango katanga ta cikinsa. Ba haske ne ya ƙona shi ba, da ya yi baƙi. Wannan fim ne da bai taɓa ganin rana ba. Na koma na ɗauko kyamarar na juya gabanta. Murfin yana nan daram a kan ido, baƙi, ya zauna cif kamar da shi aka ƙera ta. Ƙanena bai taɓa koyon aikin ba, yana ƙarami Baba ya bar kasuwa, shi hoto a waya ya san shi. Ya leƙa ta taga ya ga komai sarai, ya yi ta dannawa.

Na yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Abin da zai wanke shi babu, abin da zai kama shi ma babu. Kuma Kawu yana tafe.

Bayan la'asar ya zo. Muka zauna a zaure mu uku, na miƙa masa fim. Ya ɗaga, ya bi shi da ido daga sama har ƙasa, ya daɗe a kan na Baba, sannan ya kai ga farin. Ya sauke hannu ya dube ni irin kallon da ni nake yi wa mai nama.

"Kin goge."

"Kawu, ba a goge fim."

"Ke ka wanki, ke ɗai cikin ɗaki. Na tsohonku sun hito, na yaro sun ɓace. Ni za ki mai da ƙaramin yaro?"

Ranar na ɗanɗana abin da nake ɗora wa mutane, ba daɗi. Ƙanena kuwa ya karɓi fim ɗin yana juyawa, bakinsa a buɗe. "Ina suke? Yaya, ina suke? Wallahi na ɗauka." Muryarsa tana rawa. Na lura da wannan, na ajiye a gefe, don ban san ko rawar baƙin ciki ce ko ta samun sauƙi ba.

Na ɗauko kyamarar da murfinta a rufe na miƙa wa Kawu. Na ce ya leƙa ta 'yar tagar ya dubi ƙofa. Ya leƙa.

"Mi kag gani?"

"Ina ganin titi. Ga akuya can."

"Danna nan."

Ya danna, ta yi ƙas. Na ce to ya juyo da gabanta. Ya juyo ya ga murfi. Na cire na nuna masa gilashin a ƙasa, na ce ta nan hoto ke shiga, tagar ta mutum ce kawai. Duk mai irin wannan kyamara sai ta taɓa yi masa haka, ya ɗauki biki guda a rufe bai sani ba. Ina magana, hannuna da kansa ya kai murfin ya soke a ɗankwali.

Kawu ya bi hannun nawa da kallo.

"Tsohonku," ya ce a hankali, "in za shi ɗauki hoto sai ya taɓa hula."

"Murhin na shika dubi, Kawu. In ya ji shi cikin hula, ya san ido na buɗe."

"Mu muna cewa laya ta." Ya girgiza kai, wani abu mai kama da murmushi ya zo ya wuce. "Ranar amrena ma sai da yat taɓa."

Ya miƙe ya karkaɗe riga. Ya ce zai gaya wa mutanensa ya gani da idonsa, ba komai a ciki, yaron ko riƙe kyamara bai iya ba. A bakin ƙofa ya juyo ya nuna ƙanena da carbi. "Na tare maka wannan. In an koma ganinka bisa hanyar can, ban san ka ba."

Bayan kwana biyu na buga na Baba a takarda, manya, yadda mai raunin ido zai iya gani. Na kai wa Inna tana zaune a inuwa, ƙanena yana gefe yana wanke hannu. Ban kai ga yin bayani ba ta kai hoton farko dab da hancinta, ta karkata shi wajen haske.

"Allah shi yi maka albarka," ta ce, ba da ni take ba. "Ashe ka ɗauko. Na ce maka ko sau guda in ga gidana kahin idon ga shi ƙare." Ta shafa takardar da yatsa. "Ga tsamiya nan. Ji rumbuna, ko jinka bai zube ba. Ashe ba su taɓa muna komi ba."

Na dubi ƙanena, ya dube ni. Ba wanda ya gyara mata. Na zare na wake da na damin gero daga ƙasa na tura cikin zanena, kada ta gane tsofaffin hotuna ne, na bar mata na ƙofa da na rumbu. Ta yini da su a cinya.

Na sami ƙanena a zaure yana ɗaure wani abu a babur. Na ce don me bai faɗa ba tun farko. Ya ce in Kawu ya ji Inna ce ta aike shi, zai shiga ya yi mata faɗa, kuma na san hawan jininta. Waya kuwa, in mutanen daji suka ga hoto a wayarka, a nan za ka kwana.

"To mi kaɗ ɗauka?"

Bai ɗago ba. "Bango, Yaya. Sun ƙone rumbunan. Ɗakin Inna ya zube. Tsamiyar ɗai ta tsaye, sai kabarin Baba, na gyara mai ƙaya." Ya ja igiya ya ƙulle. "Ina ta tunanin yadda za ni gwada mata."

Na yarda da wannan, har cikin raina na yarda. Amma akwai tambayar Kawu, wadda farin fim bai amsa ba, kuma ni ba mai barin tambaya ba ce.

"Ƙaƙa kaka wucewa? Kowa na tsoron hanyar, kai ka tai ka komo, ba sau guda ba."

Ya tsaya da hannu a kan sirdi.

"Yaya, kada ki tambaye ni abin da in na hwaɗa miki sai kin ɗauke shi bisa kanki. Ban taɓa kai sunan kowa ba. Wannan ki riƙe."

Ya tura babur ya fita. Ban sake tambayarsa ba, shi ma bai ƙara ba.

Ta Rasha tana nan tana bin ni biki. Ta Japan tana jiran Sallah. Ta Jamus na mayar da ita cikin rawani, cikinta wayam, ban sa mata sabon fim ba. Inna tana kwana da hotunanta a ƙarƙashin matashi, duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa gidanta, ta ce da an samu lafiya za ta koma. A cikin duk abin da Baba ya bari, yanzu ba abin da nake yawan ɗaukowa kamar wannan farin fim. In ƙanena ya fita da babur ya daɗe, sai in zaro shi in tsaya tsakar gida in ɗaga shi a rana, ina bin sa gida-gida ko zan ga wani abu. Na fi kowa sanin babu komai a ciki, amma ba na iya ajiye shi sai na ji ƙarar baburin a zaure.